Roƙon Tallafi: A Taimaka Mu Sa Wa Masallaci Da Makarantarmu Wutar Sola

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu malamai, dattawan unguwa, iyayenmu mata, da 'yan'uwanmu da neman abinci ya kai su Yamai, Abijan, Libiya da Aljeriya: kwamitin masallaci da makarantar allo ta unguwarmu a nan Tawa yana gaishe ku, kuma ya zo da ƙoƙon bara.

Kowa ya san bazarar Adar. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma a lokacin ne wuta ta fi ɗaukewa. In ta tafi ana cikin sallar Azahar, fankoki su tsaya, rufin kwano ya koma tanda. Akwai tsofaffinmu da suka daina zuwa jam'i saboda haka, ba kuma za mu ga laifinsu ba. Da dare yara kan haɗa kai uku-uku a kan fitilar waya ɗaya suna biya allo. Ladan kuwa sau da yawa da maƙogwaronsa kawai yake kiran Asuba, wanda gidansa ke nesa sai dai ya ji labari.

Kafin 2023, mafi yawan wutar ƙasarmu daga Najeriya take zuwa, mun kuma ga abin da ya faru da aka yanke ta a watan Agusta na 2023, ba ta dawo ba sai Maris na 2024. Alhali rana ce arzikin da Allah ya ba mu a yalwace. Ga tashar sola ta Malbaza nan a jiharmu, mai megawat 7, tana aiki tun 2018. Ga ta Goru Banda kusa da Yamai, mai megawat 30. Abin da muke so mu yi ƙanen wannan ne, daidai ƙarfin rufin masallaci.

Kafin mu roƙe ku, dole mu faɗi gaskiya: mun taɓa gwadawa, ba mu yi nasara ba. Shekarun baya mun tara kuɗi muka sayi allon sola biyu da baturan babbar mota, don sun fi araha. Baturan ba su kai ko'ina ba suka mutu. Sai daga baya muka gane cewa batirin mota an yi shi ne don ya tayar da inji cikin ɗan lokaci, ba don a yi ta tsotsarsa dare bayan dare ba. Ko batirin dalma na sola ba a son a sha fiye da rabin cajinsa, zafi kuma yana rage masa kwana. Mu kuwa mun ajiye namu a lungun da ya fi ko'ina zafi, muka bar kowa yana jona waya da rediyo, har wata rana aka samu dutsen guga a jone. Laifin namu ne, ba na wanda ya sayar mana ba. Araha ba ta ado, mun gani da idonmu.

Wannan karon sai da muka zauna da mai sana'ar muka yi lissafi. Fanka 10, kowace tana jan wajen wat 70, ƙwan fitila 20 masu wat 10, sai lasifika. Idan duka suna aiki, kusan wat 1,000 ke nan. Daga Magariba zuwa tashin karatun dare awa huɗu ne, a ƙara awa ɗaya ta Asuba, wato kilowat-awa 5 kowane dare, a lokacin da babu rana. Nan maganar take. Allon sola da rana kawai yake ba da wuta, mu kuwa bukatarmu ta fi yawa bayan ta faɗi, shi ya sa batir ya cinye kaso mafi girma na kuɗin. Mun zaɓi na litiyam guda biyu, kowanne kilowat-awa 5. Ya fi tsada, amma yana jure a sha mafi yawan cajinsa, kuma ya fi na dalma daɗewa nesa ba kusa ba. Na biyun saboda ranakun hazo ne da dararen azumi, da Tarawi da Tahajjud ke tsawaita dare.

Sauran kayan: allon sola 6 masu wat 400, inbata mai juya wutar batir ta koma irin ta gida, wayoyi, ƙarafan ɗaurewa, da ɗan ɗaki mai iska da ƙofar ƙarfe. Allunan za su fuskanci kudu. Ɗalibai manya biyu sun ɗauki nauyin goge su da sassafe, don ƙurar hunturu kan rage musu ƙarfi sosai. Makullin ɗakin kuma yana hannun mutum ɗaya. Ba cajin waya, ko na liman ne, shi da kansa ya ce a rubuta haka.

Gaba ɗaya aikin zai ci sefa miliyan 3 da jaka 200. Daga tarin Juma'a da gudummawar mata masu adashi mun haɗa jaka 900. Muna son a kammala kafin zafi ya shigo.

Mai jaka ɗaya ya kawo, mai dala ashirin ma kada ya ji kunya. Wanda Allah ya hore wa zai iya ɗaukar nauyin allon sola guda a matsayin sadaka mai gudana ga mahaifansa da suka riga mu gidan gaskiya. Magina da masu walda, ƙarfinku ma gudummawa ce. Abu ɗaya muke roƙo: kada a kawo mana tsohon batir, ko da niyyar alheri ce, don ba zai haɗu da sababbin ba.

Ana miƙa kuɗi ga ma'ajin kwamiti bayan sallar Juma'a, a gaban shaidu biyu, a karɓi rasit. 'Yan'uwa na nesa su aiko ta hannun danginsu, su kuma tabbata an ba su rasit ɗin. Duk ƙarshen wata za a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, a manna takardar a ƙofar masallaci. Wanda ba ya son a ambaci sunansa ya gaya wa ma'aji.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya sa a mizani.

Kwamitin Masallaci da Makarantar Allo, Tawa