Rahoton Ayyukan Shekara: Laburaren Ƙananan Tsibirai, Daga Orkney Zuwa Lamu

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

Babban taron bara ya ɗora wa kwamitin zartarwa aiki guda, wato a ware zaman wata-wata na wannan shekara don nazarin laburaren jama'a a ƙananan tsibirai, inda ruwa ya shiga tsakanin mai karatu da littafi. An zaɓi wurare biyu: tsibiran Orkney da ke arewacin Sikotlan, da tsibiran Lamu a gaɓar tekun Kenya. An fitar da takardun jagora biyu da Hausa, aiki na uku kuma ya gagara.

Orkney ce ta cinye rabin farko na shekara. Tsibirai ne kusan 70, amma wajen 20 kaɗai ke da mazauna, jimillar mutanen kuwa kusan 22,000. Laburarensu ya samo asali a 1683, lokacin da William Baikie ya yi wasiyyar a bar wa garin Kirkwall littattafansa, shi ya sa ake kiransa laburaren jama'a mafi daɗewa a Sikotlan. A 2003 ya koma gininsa na yanzu a Kirkwall tare da ma'ajiyar takardun tarihi, yana kuma da reshe a Stromness. Ginin bai ɗauki hankalin mambobi ba kamar tsarin da aka faro a 1954: a cika akwati da littattafai daidai da mutanen gida ɗaya, na yara da na manya, a ɗora a jirgin ruwa zuwa tsibirinsu, in sun gama su mayar a sauya musu. Daga baya aka ƙaro motar laburare, wadda ake shigar da ita jirgin fito ta haye zuwa tsibirai irin su Westray da Sanday da Hoy. Abin da kwamiti ya fahimta shi ne, a irin wannan wuri jadawalin jirgi ke mulkin laburare. In iskar hunturu ta hana jirgi tashi, babu littafin da zai motsa, komai ƙoƙarin ma'aikaci.

A kan wannan aka gina takardar jagora ta farko, ta akwatin aro. Kada nauyin akwati ya wuce kilo 12, wato littattafai 20 zuwa 25 matsakaita, domin mutum ɗaya ne zai miƙa shi daga gaɓa zuwa kwalekwale, galibi ƙafarsa cikin ruwa. Akwatin roba mai murfi da maƙalai ya fi na ƙarfe, wanda ke tsatsa, ya kuma fi kwali, wanda gindinsa ke ɓarkewa da jiƙa ɗaya. Kowane gida ko makaranta a yi musu akwati biyu, ɗaya na wurinsu ɗaya na hanya, don kada a bar su hannu rabbana tsakanin jirgi da jirgi. Jerin littattafan a rubuta shi kwafi biyu, ɗaya a laburare, ɗaya cikin leda a manne a bayan murfi, da gurbin da mai karatu zai rubuta abin da yake so a gaba. Wannan gurbi shi ne ran tsarin. In ba a karanta shi, ma'aikaci zai yi ta aika abin da ya ga dama, akwati ya riƙa dawowa yadda aka ɗaure shi. Wa'adin aro a ɗaura shi da zuwan jirgi, a bar maganar mako biyu da aka saba a gari. An yi ja-in-ja kan tarar jinkiri, daga ƙarshe aka cire ta, tunda ba mai karatu ke tuƙa jirgin ba.

Lamu kuwa matsalarta daban. Tsohon garin, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2001, lunguna ne da mota ba ta shiga, jaki da amalanke ke ɗaukar kaya. Akwai laburare a cikin tsohuwar ganuwar garin, wato ginin tsaron da ake kira Lamu Fort, wadda aka gina a farkon ƙarni na 19, ta zama gidan yari har 1984, yanzu tana hannun hukumar gidajen tarihi ta Kenya. Masallacin Riyadha, wanda Habib Saleh ya kafa, yana da tarin littattafan hannu, kuma an ɗauki hotunansu ƙarƙashin shirin ceto takardun da ke cikin haɗari na Laburaren Birtaniya, shirin da ya yi irin wannan aiki a arewacin Najeriya ma. Hotunan na intanet kyauta. A nan babban abokin gaba shi ne danshi da gishirin iskar teku, kuma a kansa aka rubuta takarda ta biyu, wadda ta fi ta farko tsawo.

Fumfuna na kama takarda in danshin iska ya haura kashi 65 cikin ɗari ya daɗe a haka. Abin nema shi ne tsakanin 45 da 60. Hanci ba ya auna wannan, domin kafin a ji warin ɓarnar ta riga ta fara. A sayi ƙaramin ma'aunin danshi mai batir, a rataye shi a kusurwar da iska ba ta kaiwa, a riƙa rubuta abin da ya nuna safe da yamma. Kanta ta ƙasa ta tashi daga daɓe da santimita 15, a kuma bar tazarar tafin hannu tsakaninta da bangon waje, saboda bango na tsotsar ruwa ya miƙa wa littafi. Fanka mai juyawa dare da rana ta fi na'urar sanyaya ɗaki da ake kunnawa da safe a kashe da yamma, don duk lokacin da aka kashe ta, iska mai ɗumi kan sauka a kan littafi mai sanyi ta zama raɓa. Gishiri shi ke cinye fil ɗin ƙarfen da aka ɗinke mujallu da shi, tsatsar ta ƙona takarda ta bar tabo ja a tsakiyar shafi. A cire filin, a ɗinke da zaren auduga.

In littafi ya jiƙe, awa 48 ake da su kafin fumfuna ta fito. A tsayar da shi a buɗe gaban fanka, a inuwa, a sa takarda mai shan ruwa bayan kowane shafi 20, a riƙa sauyawa. Rana na lanƙwasa bango ta busar da gam. Littafi mai takarda mai sheƙi, in aka bari ya bushe a rufe, shafukan sun haɗe ke nan. In ƙwari ne suka shiga, a ɗaure littafin cikin leda a matse iskar, a sa a firiza. Ta gida na kaiwa digiri 18 ƙasa da sifili, don haka a ba shi mako biyu, in an fito da shi a bar shi kwana ɗaya cikin ledar kafin a kwance. Inda wuta ke ɗaukewa wannan dabara ba ta aiki, narkewa da daskarewa sai su ƙara ɓarna. Littafin hannu mai tawadar gargajiya, na Larabci ko na ajami, kada a kusanta shi da ruwa ko salatif, kada kuma a yi masa laminatin.

Akwai gyara ɗaya da ya zama dole. Bugun farko na takardar akwati ya ce a rufe akwatin ruf don kare ruwa, bai faɗi cewa littafi mai ɗan laima in aka kulle shi cikin roba ya fi saurin fumfuna ba. An ƙara sharaɗin cewa duk akwatin da ya dawo a zazzage shi ranar, littattafan su sha iska kwana biyu kafin su hau kanta ko su koma hanya. Wanda ya sauke bugun farko ya goge shi.

Aikin da ya gagara shi ne jerin kalmomin aikin laburare da Hausa. An tsaya kan rabe-rabe goma na Dewey, tsarin da ake jera littattafai da shi bisa fanni, ba a daidaita ba tsakanin masu aron kalmomi daga Turanci da masu aro daga Faransanci, sai aka ɗage shi zuwa baɗi. Ma'aji zai aika bayanin kuɗi daban, kuma ana tunatar da waɗanda ake bi kuɗin ƙungiya su biya kafin babban taro. Mambobin da ke aiki a bakin Tafkin Chadi da gungunan Yawuri sun nemi a gwada tsarin akwati biyu a wajensu. Kafin a sa shi a ajanda, ana buƙatar kowannensu ya aiko wa sakatare ranakun da kwalekwale ke zirga-zirga a yankinsa, rani da damina, da kuɗin dakon akwati ɗaya.

Kwamitin Zartarwa