Hular kwano ga mahaya keke: a ƙarfafa sanya ta, amma kada a mai da ita dokar kamu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in tofa albarkacin bakina kan wata tambaya da ta cancanci a tattauna, musamman ganin yadda ma'aikata da ɗalibai da ƙananan 'yan kasuwa suka koma hawan keke bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Tambayar ita ce ko ya dace a tilasta wa mai keke sanya hular kwano kamar yadda doka ta tanada ga mai babur. Ra'ayina shi ne hular tana da amfani na gaske kuma ya kamata a kwaɗaitar da jama'a su riƙa sanya ta, amma tilasta ta ga manya da barazanar tara ba zai kawo tsaron da ake nema ba.

Babu mai hankalin da zai musa amfanin hular. A shekarar 2016 wasu masana biyu na Jami'ar New South Wales da ke Ostireliya, Jake Olivier da Prudence Creighton, sun tattara sakamakon bincike 40 da suka shafi mahaya keke fiye da 64,000 da suka yi haɗari, inda suka gano cewa sanya hular yana rage yiwuwar samun rauni a kai da kusan rabi, yana kuma rage mummunan rauni a kai da kashi 69 cikin ɗari. Hukumar tseren keke ta duniya ma ta wajabta hular ga ƙwararrun 'yan tsere a 2003, bayan da Andrei Kivilev ɗan ƙasar Kazakistan ya faɗi a gasar Paris-Nice ba tare da hula ba, ya kuma rasu sakamakon raunin da ya samu a kai.

Sai dai ya kamata mu san iyakar abin da hular za ta iya. Duk wanda ya juya hular keke ya duba cikinta zai ga wani busasshen soso mai tauri irin wanda ake naɗe sabon rediyo da shi a kwali, an lulluɓe shi da siririyar roba. Aikin wannan soso shi ne ya murƙushe idan kai ya bugi ƙasa, domin ya shanye ƙarfin bugun kafin ya isa ga ƙwaƙwalwa, kuma da zarar ya murƙushe sau ɗaya to aikinsa ya ƙare ko da daga waje ba a ga tsagewa ba. A ƙa'idar gwajin da ƙasashen Turai ke amfani da ita, ana sako hular ne daga tsawon kusan mita ɗaya da rabi, wanda ya yi daidai da gudun kusan kilomita 20 a awa. Wato an ƙera ta ne domin wanda tayarsa ta faɗa rami ya kifa da kai, ko wanda yashi ya kwashe shi a kwana. Ba a ƙera ta domin wanda tirela ta bi ta kansa a hanyar Kano zuwa Zariya ba, alhali irin wannan haɗari shi ne ya fi hallaka mahaya keke.

Ƙasar da ta fara gwada tilastawa ita ce Ostireliya. Jihar Victoria ta kafa dokar a watan Yulin 1990, sauran jihohi suka biyo baya zuwa 1992, sannan New Zealand ta bi sahu a 1994. Raunin kai ya ragu, wannan gaskiya ne, amma ƙidayar da aka yi a tituna ta nuna cewa masu hawan keken su ma sun ragu, musamman matasa. Tun daga lokacin masana ke jayayya kan ko hular ce ta rage raunin, ko kuwa ƙarancin mahayan ne, ko kuma matakan da aka ɗauka a daidai wannan lokaci kan gudun wuce sa'a da tuƙi cikin maye. Wannan raguwar mahaya ba ƙaramar asara ba ce, domin bincike ya nuna cewa inda masu keke suka yi yawa a titi, direbobi sukan saba da su har haɗarin da ke kan kowane mahayi ya ragu, sannan duk wanda ya ajiye keke ya rasa motsa jikin da ke kare shi daga hawan jini da ciwon suga.

Holan kuwa wata hanya ta bi. A shekarar 1971 mutane kusan 3,300 ne suka mutu a haɗarin mota a ƙasar, fiye da 400 daga cikinsu yara ne, abin da ya sa iyaye suka fito zanga-zanga suna neman a daina kashe musu 'ya'ya. Hukumomi suka amsa ta hanyar gina wa keke hanyarsa daban da ta mota, da rage gudu a cikin unguwanni, da sake fasalin mahaɗar tituna. Har yau babu dokar tilasta hular ga mai keke na yau da kullum a Holan, masu sanya ta ba su da yawa, amma tana cikin ƙasashen da mahayin keke ya fi samun aminci idan aka auna da nisan tafiyar da ake yi. Adalci ne in ambaci cewa a 'yan shekarun nan likitocin ƙasar suna kira ga tsofaffi da masu keken lantarki su riƙa sanya hular, amma ta hanyar wayar da kai ake bi.

Mu ma nan gida muna da darasin da bai kamata mu manta ba. A ranar 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta hular kwano ga masu babur da fasinjojinsu. Farashin hular ya tashi nan take, fasinjoji suka ƙi sanya wadda kai dubu ya shiga, wasu 'yan acaɓa kuma suka riƙa kifa ƙwarya a kai domin su wuce jami'ai, har labarin ya kai kafafen watsa labarai na duniya. Idan haka ta faru da babur, wanda gudunsa ya sa hujjar tilastawa ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, me ake zaton zai faru da keke? Mai keke a garuruwanmu shi ne malamin firamare, da mai gadi, da manomin da ya ɗauro buhun masara a kariya, da mutanen Maiduguri da suka rungumi keke tun bayan hana hawan babur a 2011. Dokar tara a kan irin waɗannan bayin Allah za ta buɗe wata sabuwar ƙofar karɓar na goro ne a shingen hanya. Ko a Amurka, yankin King da birnin Seattle ke ciki ya soke tasa dokar a 2022, bayan da aka gano cewa baƙaƙen fata da marasa matsuguni ne suka fi shan tara a ƙarƙashinta.

Batun yara daban ne, domin su ne suka fi yawan faɗuwa da kansu, irin faɗuwar da aka yi hular dominta. Suwidin ta wajabta ta ga 'yan ƙasa da shekara 15 tun 2005, Faransa kuma ga 'yan ƙasa da shekara 12 tun 2017. Ina ganin makarantunmu za su iya fara wannan a matsayin ƙa'idarsu ta cikin gida, tare da koya wa yaro ya ɗaura hular daidai bisa goshi ya kuma ɗaure igiyarta a haɓa, domin hular da ba a ɗaure ba takan tashi kafin kai ya taɓa ƙasa.

Ga manya kuwa, roƙona ga gwamnatocin jihohi shi ne duk sabon titin da za a shimfiɗa a cikin gari a ware wa keke gefensa da dakali mai raba shi da mota, kada a tsaya ga shafa fenti wanda masu a-daidaita-sahu za su mamaye washegari. A matsa wa direbobi kan gudu a kusa da makarantu da kasuwanni, a kuma wayar da kan mahaya game da fitila da abin ƙyalli na baya, tun da yawancin kekunanmu ba a ganinsu bayan magariba. Sannan Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta sa ido kan hulunan da ake shigowa da su, musamman na gwanjo, waɗanda mai saye ba shi da hanyar sanin ko sosonsu ya riga ya sha bugu a wata ƙasa.

Na gode da ba ni wannan dama.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya