Rahoton Ayyukan Shekara: Tantance Manhajar Ɗaukar Hoton Shafukan Intanet Domin Gwajin Tsaro

'Yan uwa membobi, assalamu alaikum.

Aikin da ya fi cin lokacin kwamitin fasaha a bana shi ne neman manhajar da ƙungiya za ta riƙa amfani da ita wajen ɗaukar hoton shafukan intanet yayin gwajin tsaro. Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san cewa idan Nmap, manhajar da ke binciko buɗaɗɗun ƙofofin na'urori a intanet, ya fito da ɗaruruwan adireshi masu buɗaɗɗiyar ƙofa ta 80 ko 443, wato ƙofofin da shafukan intanet suka saba amfani da su, ba a iya bin su ɗaya bayan ɗaya, amma da zarar an jera hotunansu a allo guda, sai ido ya faɗa kan shafin shiga na masu kula da aka bari a fili, ko na'urar da ba a taɓa sauya saitinta ba tun daga kamfani.

Mun tsaya ne kan manhajojin da kowa ke iya karanta lambarsu. PhantomJS muka fara ajiyewa, domin an dakatar da aiki a kanta tun 2018, kuma wkhtmltoimage ta bi sahunta saboda tsohon injinta ba ya nuna shafukan zamani daidai. Puppeteer na Google da Playwright na Microsoft suna da ƙarfi ƙwarai, sai dai kayan gini ne, dole mutum ya rubuta sauran aikin da kansa. EyeWitness, wadda aka rubuta da yaren shirya manhaja na Python, ta burge mu da yadda take tunatar da kalmomin sirrin da wasu na'urori ke zuwa da su. A ƙarshe kwamiti ya zaɓi gowitness ta kamfanin tsaro na SensePost, wadda aka rubuta da yaren Go: tana tuƙa Chrome ba tare da buɗe taga ba, tana karanta sakamakon Nmap da Nessus (manhajar gano raunin tsaro) kai tsaye, tana adana bayanan sakamakon a rumbun bayanai na SQLite, tana kuma haɗa hotuna masu kama da juna wuri guda, abin da ya rage mana wahala sosai.

Abin da ya fi damun mu, kuma muke roƙon kowa ya riƙe shi, shi ne cewa wannan manhaja tana buɗe shafin da ba a san mai shi ba a cikin burauza ta gaske, tare da duk JavaScript ɗin da ke cikinsa, wato lambar da shafi ke sa burauza ta gudanar. Saboda haka kwamiti ya yanke cewa ba za a kunna ta a kwamfutar da memba ke ajiye aikinsa ba, sai a keɓantacciyar na'ura ko cikin Docker, manhajar da ke killace aiki daga sauran kwamfuta, kuma da Chrome na baya-bayan nan. Hotunan kansu amana ne, domin sukan ɗauko sunaye da bayanan mutane waɗanda dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafa. Za a goge su bayan miƙa rahoto. Haka kuma babu gwajin da za a fara sai da rubutaccen izinin mai shafi, bisa la'akari da dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015.

Jagorar amfani da gowitness da Hausa ba ta kammala ba tukuna, kuma kwamiti zai gabatar da daftarinta a taro na gaba domin membobi su yi gyara.