"Bogus" ta Bature da "bogi" tamu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni tsohon malamin Turanci ne a sakandare, kuma na daɗe ina bibiyar jaridarku. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani labari da kuka fassara kwanakin baya, inda aka ce wasu masu muƙami suna karɓar "alawus na bogi". Da na nemo asalin labarin, sai na ga "bogus allowances" aka rubuta, kuma duk bayanin da ya biyo baya kan yawan kuɗin ne. Marubucin cewa yake yi alawus ɗin ya wuce kima. Mai karatun Hausa kuwa zai fahimci cewa alawus ne na ƙarya da doka ba ta san da shi ba. Wannan zargi daban, wancan daban, kuma na biyun zai iya kai jarida kotu.

Ban ɗora wa mai fassararku laifin duka ba. Turancin Najeriya ne ya ba kalmar wata ma'ana da masu harshen ba su san ta ba. A nan za ka ji an kira burmemiyar riga ko ƙaton takalmi "bogus". A Ingila da Amurka ma'anarta ɗaya ce: abin da aka shirya don ya yi kama da na gaske alhali ba shi ba ne. Likitan da bai taɓa shiga makarantar likita ba, takardar shaidar da aka buga a bayan gida, kamfanin da babu shi sai a takarda. A Birtaniya 'yan sanda kan gargaɗi tsofaffi game da "bogus callers", masu ƙwanƙwasa ƙofa su ce daga hukumar ruwa suke, su shiga su yi sata.

Kalmar haifaffiyar Amurka ce, kuma daga kuɗin jabu ta faro. A 1827 jaridar garin Painesville da ke jihar Ohio ta ba da labarin wata na'urar buga sulallan jabu da aka kama, mutane suka kira na'urar "bogus". Daga kuɗin jabu sunan ya bazu kan duk wani abin yaudara. A 1857 wata jaridar Boston ta ce daga sunan wani ɗan damfara ne, Borghese, wanda ya cika gari da takardun kuɗi na ƙarya wajen 1837. Labarin da daɗin ji, sai dai kalmar ta girme shi da aƙalla shekara 10 a rubuce. Wasu sun kai ta ga "tantrabogus", sunan da mutanen Vermont ke ba duk wani tarkace mai siffar ban mamaki. Tamu "jabu" ma, in an lura, ta hanyar kuɗi ta shigo, don ana danganta ta da ƙasar Ijebu da sulallan da aka riƙa bugawa a ɓoye zamanin Turawa.

Akwai kuma zancen da ya fi taɓa ni. Masanin harsunan Afirka David Dalby ya kawo ra'ayin cewa "bogus" daga "boko" ta Hausa take, bayi ne suka tsallaka teku da ita. Na so ƙwarai a ce haka ne. Ma'anar ta yi daidai, domin ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya nuna boko na nufin algus da yaudara da nuna abin da ba shi ba, kuma iyayenmu sun san amaryar boko, wadda ake ɗorawa a kan doki a madadin ta gaske. A 2013 Farfesa Paul Newman ya rushe tsohon zancen cewa boko daga "book" take. Kalmarmu ce tun asali. Amma kamannin sauti ba ya zama hujja, kuma manyan ƙamusoshin Turanci ba su karɓi wannan dangantaka ba. Bai kamata mu koya wa yara abin da muke so a matsayin abin da ya tabbata ba.

Roƙona biyu ne. Idan "bogus" ta fito daga alƙalamin ɗan Najeriya, mai fassara ya karanta labarin har ƙarshe. In yawa ake nufi, ya ce maƙudan kuɗi ko kuɗin da ya wuce hankali. Sannan a sassauta wa "bogi", wadda muka aro daga wannan kalma har ta mamaye kanun labarai. Maganin da aka gauraya algus aka yi masa, kuɗi da takarda jabu ne, wanda ya sa kakin soja ba soja ba sojan gona ne. Kowanne da sunansa, kuma masu karatu a ƙauye da birni sun san su.

Na gode da ba ni wannan fili.

Naku,
Mai karatu daga Zariya