Abba, maganar hoton nan na ranar Sallah

Assalamu alaikum Abba,

Da fatan kana lafiya, ya karatu ya kuma zafin Houston. Ummanku da ƙannenka duk suna gaishe ka. Na so in kira ka amma lokacin da muke shirin kwanciya kai kana aji, kuma maganar tana da tsawo, shi yasa nace bari in zauna in rubuta, ka karanta a tsanake in ka samu sarari.

Hoton da ka turo ranar Sallah ne ya tada maganar. Ummanku da ta gani sai murna, tana ta nuna wa maƙwabta wai ɗanta ya murje ya yi kumatu, Amurka ta karɓe shi. Ban ce mata komai ba a lokacin don bana son in rage mata farin ciki, amma ni wallahi gabana ne ya faɗi. Wata goma sha huɗu kacal da tafiyarka, kaftanin da tela ya ɗinka maka da yalwa yanzu ya ɗame ka a ciki, kuma da na tambaye ka da bakinka kace ka ƙara kilo 11. Mu a nan in mutum ya ajiye tumbi cewa ake ya samu duniya, to a can abin a juye yake, sau da yawa ƙiba tana nuna mutum yana cikin matsi ne, ba kuɗi ba lokaci, abin da ya samu a kusa shi yake jefawa a ciki.

Ka san na zauna a jihar Kansas daga 1982 zuwa 1984 lokacin da na je karatun tattalin arzikin noma. A wancan lokacin Amurkawa manya, wato ban da yara, masu ƙibar da likita ke kira cuta ba su wuce kamar kashi 15 cikin 100 ba. Ƙididdigar CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta 2017 zuwa 2020 ta nuna sun kai kusan kashi 42, wato huɗu a cikin kowane mutum goma. Jinin mutane baya canzawa a shekara arba'in, kuma ba za ka ce al'umma guda ta wayi gari ta zama malalaciya ba, mutanen da na sani da aiki kamar ba gobe. Abin da ke kewaye da su ne ya canza, kuma kai yanzu a tsakiyarsa kake.

Bari in fara da masara tunda ita na karanta. A farkon shekarun 1970 akwai wani sakataren noma a gwamnatin shugaba Nixon, Earl Butz, shi ya dinga ingiza manoma su nome gona daga shinge zuwa shinge, wanda ba zai iya faɗaɗa ba ya bar sana'ar. Na gani da idona, ka yi awa da awanni a mota ba ka ganin komai sai masara da alkama. Tallafin gwamnati mafi yawa yana tafiya ne ga masara, waken suya, alkama, shinkafa da auduga, mai noman tumatir da kabeji da 'ya'yan itace ɗan abin da yake samu bai taka kara ya karya ba. To masarar nan ba tuwo ake yi da ita ba. Wata a zuba wa shanu da kaji su yi saurin ƙiba nama ya yi arha, wata a yi man mota, wata kuma a narkar da ita a masana'anta a fitar da wani ruwan zaƙi mai kama da zuma wanda ya fi suga arha. A 1984, shekarar da zan dawo gida, Coca-Cola da Pepsi suka koma zuba shi a lemonsu na Amurka a maimakon suga. Yau in ka juya bayan burodi ko miyar kwalba ko biskit ka karanta, da wuya ka rasa shi ko wani ɗan uwansa. Sakamakon shine kuɗin da in ka sayi lemo da soyayyen dankali da shi zai cika maka ciki, in ka sayi ganye da tuffa da shi ko rabin hanya ba zai kai ka ba, kuma mai yunwa ba ya lissafin shekara ashirin masu zuwa, lissafin daren yau yake.

Sai girman abin. Kwalbar Coca-Cola ta asali bata kai mililita 200 ba. Robar da kake ɗauka yanzu a injin makaranta kusan mililita 600 ce, da suga giram 65 a ciki, wato kamar ka ɗebi ƙaramin cokali goma sha shida ka zuba a kofi ɗaya. Ko mai shayin bakin layinmu da ake yi wa tsiyar yawan suga ba zai zuba maka haka ba. Ga kuma al'adar nan ta su ta ka sayi kofi sau ɗaya ka dinga komawa kana cikawa kyauta, mu kuma da muka taso da sanin darajar kuɗi sai mu ga kamar asara ce in ba mu koma ba.

Amma abin da na fi so ka gane shine lokaci. Mafi ƙarancin albashi na gwamnatin tarayya dala 7.25 ne a awa, tun 2009 ba a ƙara ba, kuma Texas ɗin da kake shi take bi. Ka ɗauki uwa mai 'ya'ya biyu, aiki biyu take yi, ta fita da asuba ta dawo bayan isha'i, babu kishiya babu suruka babu 'yar riƙo da za ta ɗora mata tukunya, gidan ita kaɗai ce. A hanyar dawowa ga taga nan a bakin titi, ko fitowa daga mota ba sai ta yi ba, minti biyar an miƙo mata leda yara sun yi shiru. Wa zai ce ta yi laifi? Ni dai ba zan ce ba. Kuma kada ka ɗauka talaka kaɗai ke cin abincin gaggawar nan, binciken CDC na 2013 zuwa 2016 ya nuna a kowace rana sama da kashi ɗaya bisa uku na manya suna ci, masu hali ma sun fi masu ƙaramin ƙarfi yawan ci, kashi 42 da kashi 32. Bambancin shine mai hali yana da zaɓi, yau ya ci boga, burodin nan mai nama a tsakiya, gobe ya ci kifi da ganye, yana da kuɗin gidan motsa jiki, yana da likitan da zai ja masa kunne da wuri, unguwarsa akwai inda zai fita ya taka da yamma hankali kwance. Ɗayan kuwa abin da ya ci jiya shi zai ci gobe.

Garuruwan ma don mota aka gina su, tun da aka fara shimfiɗa manyan hanyoyin nan a zamanin shugaba Eisenhower a 1956. Kai da kanka kace min akwai titunan da ko gefen masu tafiya a ƙafa babu. A Zariya kullum kana taka ƙasa daga gida zuwa masallaci zuwa bakin titi zuwa kasuwa, ba ka taɓa kiran wannan motsa jiki ba amma shi ne. Akwai unguwanni a can da babban kantin da ake sayar da ɗanyen kaya ya yi musu nisan fiye da mil ɗaya kuma mutane da yawa ba mota, amma gidan soyayyar kaza da shagon gidan mai suna nan a kowace kwana. Yawancin irin waɗannan unguwanni na baƙar fata ne da 'yan asalin Latin Amurka, kuma a ƙididdigar nan da na faɗa maka ƙiba a tsakanin baƙaƙen fata ta kai kusan rabi. Jihohi irin su Mississippi da West Virginia da Louisiana da suka fi talauci su ne kullum a saman jerin. Saboda haka dan Allah in ka ga mutum ya cika kujera biyu a bas kada ka kalle shi da raini ko ka ɗauki hotonsa ka turo wa abokai, ba ka san awa nawa ya yi a tsaye ranar ba.

Wani abu da ya tsaya min a rai, a 2019 wani mai bincike Kevin Hall a cibiyar lafiya ta NIH ya ajiye mutum 20 wata guda, sati biyu ana ba su abincin masana'anta sati biyu abincin da aka dafa daga ɗanyen kaya, aka ce kowa ya ci iya son ransa. A satin abincin masana'anta sai da suka dinga cin ƙarin kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kusan 500 a kullum ba tare da sun yi niyya ba, suka ƙara kusan kilo ɗaya, da aka juya kuma suka sauke shi. Mutanen su ne dai ba a canza su ba. Abincin ne mai laushi, ba tauna, ya wuce kafin ciki ya aiko da saƙon ya ƙoshi.

Yanzu kai. Kana ganin kamar wannan labarin Amurkawa ne, to duba kanka, ɗalibi ne kai, awa 20 kawai doka ta yarda ka yi aiki a sati, ba mota, ba mai dafa maka, karatu har tsakar dare. Duk siffofin wanda tarkon nan ke kamawa ka cika su. Ga kuma wani tarko na musamman da ke kama yaranmu Musulmi, ni ma ya so ya kama ni. Kana gudun naman da ba ka san yankansa ba, Allah ya yi maka albarka a kan haka, sai ka koma burodi da soyayyen kifi, fiza mai cuku, soyayyen dankali, abokai na shan abin da ba ka sha kai kuma ka riƙe lemo kofi bayan kofi. Duk halal ne, amma fulawa ce da mai da suga safe da dare. Kuma ka san gidanmu. Kakanka da kake ɗauke da sunansa ciwon suga ne ya ci masa ƙafa kafin Allah ya karɓi abinsa, kai kana ƙarami amma na san kana tuna sandarsa. Baffanka yanzu haka kullum sai ya yi wa kansa allura, ni kuma shekara tara kenan ina shan maganin hawan jini. Abin da wani zai ci shekara talatin ya wanye lafiya, kai jininka ba lallai ya ba ka goma ba, kuma ciwo a ƙasar nan da kake ba ƙaramin kuɗi yake ci ba ko da inshora.

Kada ka jira hukuma ta tsare ka. A 2012 magajin garin New York, Bloomberg, ya yi ƙoƙarin hana sayar da manyan kofunan lemo a gidajen abinci, kamfanoni suka kai ƙara kotu ta rushe dokar. Abin da aka samu dai shine tun 2018 manyan gidajen abinci dole su rubuta kalori a jikin allo kusa da farashi, to ka dinga karantawa.

Abin da nake so ka yi ba mai wahala bane. Lemo ka bar shi gaba ɗaya, har da ruwan 'ya'yan itace na kwali, wannan kaɗai zai yi rabin aikin. Ranar Lahadi ka ware awa uku ka yi girkin sati ka zuba a robobi ka sa a firji, kuma kar in ji maganar wai namiji ne kai, ni a Kansas na koyi tuƙa tuwo da garin masararsu. Allah ya taimake ka garin da kake akwai 'yan Najeriya da yawa, wajen titin Bissonnet akwai shagunan kayan Afirka, a Hillcroft kuma akwai na Indiyawa da 'yan Pakistan da naman halal, gero suna ce masa bajra dawa kuma jowar. Shagunan 'yan Meziko za ka samu tsamiya da zoɓo, zoɓon su jamaica suke kiransa, ka dafa da citta da kanumfari ka rage suga sosai. Wake irin namu mai baƙin ido da kuɓewa da dankalin Hausa kuwa mutanen kudancin Amurka na cin su tun zamanin bayi, ko a kantin unguwa za ka gani kuma ba tsada. Buhun wake ƙarami da shinkafa da ƙwai da albasa in ka lissafa sun fi abincin taga arha nesa ba kusa ba, lokacinka kawai suke nema. Ka dinga fita da ƙunshinka makaranta don yunwar ƙarfe biyu ita ke kai mutum layin fiza. Zafin garin ba zai bar ka yawo da rana ba, to bayan asuba ka taka na rabin awa, ko ka shiga gidan motsa jiki na makaranta tunda kace yana cikin kuɗin da muke biya. In ka zauna cin abinci ka tuna hadisin nan da kuka haddace a Islamiyya, sulusi na abinci, sulusi na abin sha, sulusi na numfashi.

Na yi wa Ummanku bayani daga baya, ta yi shiru, da na ambaci Kakanka sai ga hawaye. Yanzu ita ce ma ta fi ni damuwa, tace za ta dinga turo maka saƙon murya na yadda ake miyar kuka da ta kuɓewa da faten wake, kuma ta fara haɗa maka kuka da daddawa da yaji wanda za mu ba mai tafiya. Kilishin da ka roƙa dai ba zai yiwu ba, ba a shiga da nama ƙasar, kar mu ja wa bawan Allah matsala a filin jirgi.

Cikin satin nan ka je asibitin makaranta a auna maka suga da hawan jini, ka faɗa musu tarihin gidanmu kar ka ɓoye komai, ka turo min sakamakon ta WhatsApp. In kuma kuɗin cefane ne ke gaza maka ka faɗa min kai tsaye kar ka ji nauyi, zan san yadda zan yi.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare min kai.

Babanka