Godiya ga Hukumar Agajin Gaggawa ta Jihar Bauchi

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Hukumar Agajin Gaggawa (SEMA), Bauchi.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, na so in tako har ofishinku, amma daga garin Yana da ke ƙaramar hukumar Shira zuwa Bauchi tafiya ce, gona kuma ba ta sake ni ba. Shi ya sa na rubuto a inda kowa zai gani.

A watan Agustan 2024, daminar da ruwa ya yanke hanyar Kano zuwa Maiduguri a ƙasar Katagum, gidana na cikin waɗanda suka kwanta. Ginin ƙasa ne, gadon mahaifina. Ruwa ya kwana yana zuba, katangar gabas ta jiƙa ta zauna, kafin kiran asalatu ɗaki biyu sun rufta, rumbu ya bi su. Allah ya tsare rai, don mun riga mun fitar da yara da tsohuwata.

Ajin firamare ne ya zama gidanmu, mata a wannan aji, maza a wancan. Yunwa ba ta ci mini rai ba kamar ranar da na hango mai ɗakina tana rataya zani a tagar aji don ta samu sutura. Ina magidanci, amma ba ni da ƙofar da za a yi mini sallama.

A nan mutanenku suka same mu. Tare da mai unguwa suka naɗe ƙafar wando suka bi kango-kango cikin taɓo, suna tambayar mai gida, suna ƙirga ɗakunan da suka faɗi, suna rubutawa a gaban kowa. Wani saurayi daga cikinsu ya durƙusa ya ce wa tsohuwata, "Sannu Inna, Allah ya mayar da alheri." Har yau tana ambatonsa, ko sunansa ba ta sani ba.

An ba mu masara da shinkafa, da tabarma da gidan sauro. Daga baya kwano da siminti suka iso, kuma su ne dalilin wannan wasiƙa. Hatsi mun cinye, kwanon kuwa ga shi bisa kanmu. Magini ya ba ni shawara na ɗaga harsashi da bulo har gwiwa, sama na ƙarasa da tubali, na yaɓe da siminti. Ranar da muka koma, ƙaramar 'yata ta kwanta tana kallon rufin har barci ya ɗauke ta. Kuɗin da gwamnatin jiha ta ware muku, ni shaida ne ya iso ƙofar talaka.

Sai roƙo, tunda ku ne kuka ga halin da ido. Ni ina da fili, shi ya sa kwano ya amfane ni. Maƙwabcina ɗan haya ne, ɗakin da ya faɗo ba nasa ba ne. Iyalinsa na gidan surukai, shi yana kwana a shagon ɗinki. Mun san Gwamna Bala Mohammed ya ƙaddamar da gina gidaje 2,500 tare da kamfanin samar da gidaje na Family Homes Funds, 1,500 a Dungal kusa da Bauchi, sauran a Azare, Misau, Ningi, Jama'are da Dass. Don Allah ku isar mana da saƙo: a irin wannan shiri a riƙa ware ƙananan gidaje, ko ciki da falo ne, ga tela da ɗan acaɓa da matar da mijinta ya rasu, su biya kaɗan-kaɗan kamar kuɗin haya. Sunayensu na cikin takardun da kuka rubuta.

In aiki ya sake kawo ku Shira, ku biyo ku ga ɗakin. Inna ta ce a gaya wa yaron nan akwai furarsa.

Allah ya saka da alheri, ya rufa muku asiri duniya da lahira.

Naku,
Wani magidanci daga ƙaramar hukumar Shira