Wa zai sa hannu idan aka kwantar da ɗan riƙo?

Malam Edita, assalamu alaikum.

A Janairun 2023 shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar Turawa ta 1958. Nan Sakkwato kuma gwamna Tambuwal ya sa hannu kan dokar kare yara a 2021. Madalla. Amma ɗan riƙo fa?

Riƙon da muke yi ba na takarda ba ne. Ɗan yayata marigayiya yana hannuna tun yana goye, ni na yaye shi, ni na sa shi makaranta. Da ciwon ƙwaƙwalwa ya taso masa, ya daina barci, yana surutai shi kaɗai, likita ya ce sai an kwantar da shi. Aka miƙo takarda, aka ce ina uwa ko uba? Uban yana Kudu wajen neman kuɗi, ko wayarsa ba ta shiga. Na tsaya riƙe da biro kamar baƙuwa.

Irin wannan tsaikon ne ke mayar da mutane gidan mari, alhali ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, kusa da mu.

Ina roƙon majalisar jiha ta fito da hanya mai sauƙi: shaidar mai unguwa da hatimin alƙali su isa mai riƙo ya sa hannu. A kuma wajabta raba ɗakin yara da na manya, tare da sake duba yaron lokaci-lokaci, don wani mai riƙon gajiya ya yi, wurin ajiye yaro yake nema.

Wata mai riƙo,
Runjin Sambo, Sakkwato.